Ranar da Kalla Ya Zare Waya

Farkon ganina da Kalla, kunnensa na manne da wani ɗan akwati mai ruwan toka, ya ɗaga mini hannu alamar kada in yi magana. Ko sallamata bai amsa ba. Akwatin ya yi fito, ya yi ƙara kamar ana jan garma a kan dutse, ya shaƙe, sannan ya yi tsit. Sai a lokacin Kalla ya ɗago ya ce, "Wa alaikumus salam. Yau gyare shina da mura, amma ya kama."

Gyare shi ne sunan da ya raɗa wa modem ɗinsa, akwatin da ke haɗa ordinater, wato kwamfuta, da wayar tarho don a samu intanet. Wata biyu ke nan da dawowata Madawa daga Maroko, inda na yi shekara bakwai ina karatun na'urori, na kuma kama aiki a wani faroje, wato shirin bunƙasa noma. Takarda na zo aikawa. Na shigo da tunanin babu wani abu a shagon nan da ban fi mai shi saninsa ba.

Kalla mutumin Garhanga ne, can ƙasar Keita. Ya yi aji shida a lakwal, wato makarantar boko, daga nan ya bi sahun samarin Adar da ke tafiya bida, neman kuɗi a ƙasashen waje, da zarar an gama girbi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Abijan yana dako a kasuwa. Wata rana, da buhun albasa a kansa, wani ɗan garinsu da ya sauko daga mota ya tare shi ya ce, "Kalla, ya haƙurinmu? Allah shi jiƙan tsoho." Mutumin ya ɗauka ya riga ya ji. Kalla bai ji ba. Ya ce mini bai faɗi ba, bai yi kuka ba. Ya kai buhun inda aka ce ya kai, ya dawo ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. A na huɗu ƙafafunsa suka ƙi.

"Ba a hwaɗa ma mutum mutuwa shina tsaye, Mushe," in ji shi. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ko da yake ban taɓa riƙe alli ba.

Da ya dawo gida sai ya ajiye tebur a ƙofar gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Daga baya ya samu tsohuwar ordinater da layin tarho, ya buɗe wannan shago kusa da tasha. Ranar kasuwa mutane kan zo masa daga Buza da Babankatami da ƙauyukan kwari, kowa da saƙonsa ga wanda ke bida: an haihu, ruwa ya sauka, rumbu ya tsage. A Abijan akwai wani Ba'adare mai suna Salim da ke da shago irin nasa, shi ke karɓar saƙonnin ya buga su a takarda ya raba wa masu su.

Saƙon rasuwa kuwa Kalla ba ya aika shi ɗaya. Uku yake yi. Na farko ga wanda aka yi wa rashin: gaisuwa mai tsawo, sannan layi guda, "Akwai nauyi a gida, a dage da addu'a, kada ka yi nisa da mutanenmu kwanan nan." Na biyu ga dattijon Adarawa na can, Alhaji Jima, wanda ake gaya wa komai filla-filla, don ya taka da ƙafarsa ya zaunar da mutumin ya faɗa masa. Na uku sai bayan Alhaji ya faɗa: ta'aziyya, da wanda ya yi wanka, da wanda ya ja salla, da inda aka binne. A cikin ukun nan babu kalmar ƙarya ko ɗaya, kuma Kalla yana alfahari da haka fiye da komai a shagonsa.

Sau ɗaya a yini yake tayar da gyare, bayan azahar, ya tura abin da ya tara, ya karɓi abin da ya zo. Amsa ba ta dawowa sai bayan kwana biyu. Kafin wanda aka aika wa saƙon farko ya samu bakin tambaya, Alhaji Jima ya riga ya yi masa sallama. A lokacin ban lura da wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne layi mai nawa, mai yawan yankewa.

Na kawo masa sabon modem daga Yamai, wanda a takardarsa an ce ya ninka tsohon sauri. Kalla ya saurari kukansa da kai a karkace, ya ce muryar ba ta da ladabi, amma a bar shi. Layin ya ci gaba da yankewa. Na canza igiya, na canza furiz ɗin bango da ake soka ta, na share na'urar na sake zuba mata komai. Kwana uku ina zuwa bayan aiki. Layin yakan yanke da rana, ya ƙi yankewa da safe. Ranar kasuwa abin ya fi muni. Ban ga abin da ya haɗa kasuwa da modem ba a duk littattafan da na karanta.

Rana ta huɗu Kalla ya ce, "Mushe, ka gama? To taho." Ya ja ni bakin titi ya nuna sama. Wayar tarhon ta ratsa hanya daga wani tsohon itace zuwa rufin shagonsa, zafin bazara ya sa ta yi ciki. Muna tsaye wani kamyo, babbar motar kaya, ya taho, an jibga masa buhunan albasa har ya yi tozo, ya shafi wayar ya wuce tana lilo.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun bara."

"Ka bar ni kwana uku ina fama?"

"Ka taho daga nesa da karatunka. Ba a tare baƙo da gyara tun bai sha ruwa ba." Ya ɗauko wata doguwar gwafa daga bayan shago ya tokare wayar. Ranar layin bai sake yankewa ba.

Daga nan muka saba. Shekaru suka shige, aka zo aka haƙa dogon rami a gefen titi aka binne sabuwar waya. Ni na matsa masa ya nemi sabon layin, ni na cika masa takardu, ni kuma na haɗa masa akwatin da aka kawo, fari mai fitilu huɗu. Kalla ya kanga kunne ya jira. Babu fito, babu ƙara.

"Ya kama?" ya ce.

"Tun ɗazu. Wannan ba ya kamawa ya saki, Baba. Kullum a kame yake."

"Abin da ba shi kuka, ƙaƙa ake sanin lahiyatai?"

Na nuna masa fitilun. Don in burge shi kuma na saka masa wani shiri na hira, wanda in ka rubuta magana nan take na can zai gani ya amsa. Na san Salim yana da irinsa, sai na haɗa su. Ban yi wa Kalla dogon bayani ba. Na ce zai gani da idonsa.

Washegari ranar kasuwa ce, na zo da hantsi don in ga yadda layina zai yi da taron mutane. Na tarar da wata mata zaune a tabarma ta lulluɓe har goshi. Sunanta Sa'ida, daga Babankatami. Mahaifiyarsu, Inna Binta, ta rasu jiya, an binne ta. Ƙanenta Sufyanu yana Abijan shekara huɗu ke nan, yana tura amalanken ruwa, kuma shi ne ɗan da tsohuwar ba ta iya cin tuwo ba ta ambace shi ba. Gidan sun hana kowa kiransa. Sun ce a kai wa Kalla, shi ya san yadda ake yi.

Kalla ya gyara tabarau, ya rubuta saƙon farko da yatsu biyu kamar kaza na tsince hatsi, ya tura. Ya juyo ya dube ni, na ce masa saƙon ya tafi. Bai yarda ba, amma ya buɗe sabon shafi ya fara na Alhaji Jima. Bai kai ga sunan marigayiyar ba na'urar ta yi ɗan ƙara, wata taga ta buɗe a tsakiyar allon.

Na karanta a fili, tun ban gane abin da nake karantawa ba: "Baba Kalla, Sufyanu ne. Ina zaune shagon Salim saƙonka ya shigo. Salim ya ce kana nan, fitilarka koriya ce. Wane nauyi ne? Inna ce?"

Sa'ida ta toshe baki da gefen mayafi. Kalla ya ja kujera baya. Ya dubi allon, ya dubi rufi, ya dubi ƙofa.

"Ta ina shika ganina?"

"Ba ganinka yake ba, Baba. Alama ce kawai take nuna masa layinka a buɗe yake."

"To ai ganina ke nan." Ya cire hularsa ya kifa a kan farin akwatin, fitilun suka ci gaba da ƙyaftawa ta ƙarƙashinta.

Na'urar ta sake ƙara. "Baba, ka amsa mini. Inna tana da rai?"

Sai a lokacin na ga girman abin da na haɗa. Saƙon Alhaji Jima ta shagon Salim zai bi, ga Sufyanu zaune a gaban allon. In an tura, a rubuce zai ga mutuwar uwarsa, babu dattijo a gefensa. In ba a tura ba, ga tambaya tana jira.

"Ka ce masa tana gidan likita," na ce. "Zuwa anjima kawai."

"Jiya da hantsi anka rufe ta, Mushe."

"To ka yi shiru."

"Mutum ya yi maka sallama bakin ƙohwa, ya gane ka zaune, ka yi shiru? Mi za shi ɗauka?"

"Zan iya juya fitilar ta nuna ba ka nan."

"Ina nan kuwa. Wannan ma ƙarya ta, sai dai ka sa ƙarfe shi yi mani ita."

Ƙara ta uku, ta huɗu. Na daina karantawa a fili. Kalla ya miƙe ya leƙa titi, inda wani kamyon albasa ke wucewa a ƙarƙashin tsohuwar wayar da har yanzu gwafa ke tokare da ita. Ya dawo.

"Dā in kamyo ya wuce, layi ya tsinke. Wanga ina nashi kamyon?"

"A ƙasa yake binne. Ba abin da ke taɓa shi."

"Ruwa fa?"

"Ko ruwa."

"Kenan ba shi lalacewa?"

Mutumin da ya yi shekaru yana lallashin layi kada ya yanke, yau shi ne yake tambayata inda za a taɓa ya mutu. Kafin in haɗa magana ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur, da babbar rigarsa da komai. Na ji muryarsa daga can.

"Wace ce uwassu cikin igiyoyin ga?"

"Shuɗiyar. Amma Baba..."

Ya zare ta. Fitilu biyu suka mutu a ƙarƙashin hular. Ya fito yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Yanzu layi ya yanke, kuma gaskiya ta."

Na ce masa ban ga bambancin wannan da juya fitilar da na ce zan yi ba. Ya tsaya da igiyar a hannu yana kallonta. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Amma wagga da hannuna na yi ta, ni za a tambaya."

Ya ɗauki tarho ya kira Alhaji Jima. Sau uku kafin a samu. Alhaji yana wani gefen gari, ƙetaren ruwa, ya ce ko yanzu ya tashi sai ya yi awanni a hanya. Kalla ya gaya masa komai a taƙaice, ya ƙara da, "Ka yi sauri, Alhaji, amma kada ka shiga da gudu."

Bai gama ajiye kan tarhon ba wani kiɗa ya tashi daga jikin Sa'ida. Ta kwance bakin zane ta fito da 'yar salularta. Ba ta iya karatu ba, amma ta san yadda lambar ƙanenta take.

"Baba, in ɗauka?"

"Ɗiyata, in kin ɗauka, numfashinki za shi hwaɗa mai tun ba ki buɗe baki ba. Amma ɗan'uwanki na, ba ni hana ki."

Ta riƙe ta da hannu biyu har kiɗan ya ƙare. Ya sake tashi. A na huɗu ta cusa ta cikin ƙullin garin da ta zo da shi ta ɗaure, muka riƙa jin kiɗan can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Ana haka mutanen kasuwa suka fara shigowa, don labarin sabon layi ya zaga gari. Wani malamin lakwal ya zo da abokansa biyu su ga abin da aka ce yana buɗe hoto kafin a ƙyafta ido. Kalla ya ce musu layi ya yanke. Duk suka juyo suka dube ni.

"Af! Tun ran farko?" in ji malamin. "Ɗan Maroko, abin naku ke nan? Gara gyare, shi ko ba komai yana kuka a san ya mutu."

Na ce ana dubawa. Na tsuguna a gaban akwatin da na san lafiyarsa lau, ina latsa nan ina latsa can, igiyar da ta kashe shi tana cikin aljihun Kalla. Haka na yi wa mutum tara. Wani tsoho daga Buza ma ya ba ni shawara in nemi gwafa.

Bayan la'asar tarho ya yi ƙara. Kalla ya ɗauka, ya daɗe yana saurare, ba ya cewa komai sai "To. To. Madalla." Da ya ajiye sai ya juya ga Sa'ida ya ce, "An hwaɗa mai. Shina zaune, cikin mutane." Ta kwance ƙullin gari ta ciro wayar, ta fita bayan shago. Daga can muka ji ta saki kukan da ta riƙe tun safe.

Kalla ya ba ni sauran labarin. Da Alhaji Jima ya isa, ya tarar da Sufyanu ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya yi alwala, ya tuɓe takalmi. Adarawa shida sun bar aikinsu sun kewaye shi. Alhaji bai gama gaisuwa ba Sufyanu ya ce masa, "Zauna ka hwaɗa mani, Alhaji, kai nika jira."

"Kenan ya sani," na ce.

"Wa bai san saƙona na farko ba a Adar? Yau shekara nawa?"

"To in kowa ya san ma'anarsa, me ake ɓoyewa? Me ya sa muka yini a haka?"

"Ba ɓoyewa aka yi ba, Mushe. Na farko, don mutum shi aje kayan da ke bisa kainai. Zuciya ta sani, amma kunne bai ji ba tukuna. Tsakanin nan ne mutane ka taruwa."

Na juya maganar a raina. Sannan na tambaye shi abin da ya rage mini: in Sufyanu ya san al'adar, me ya sa ya yi ta tambaya? Na ɗauka Kalla yana da amsa a shirye, kamar ta kamyon albasa. Sai na ga ya zauna, ya cire tabarau yana goge su da bakin riga.

"Shi ne abin da ya tsaya mani," ya ce. "Dā ba su tambaya. Na ɗauka ba su son tambaya. Yau na ga ko gyare ne bai bari su tambaya. Mutum nawa sunka kwana biyu da tambayar ga a baki, ni ina nan ina cewa na yi masu gata?"

Ya ciro shuɗiyar igiyar daga aljihu ya miƙo mini, ya ce gwiwarsa ba za ta sake shiga ƙarƙashin tebur ba yau. Na mayar da ita. Fitilun suka dawo ɗaya bayan ɗaya, sai saƙonnin da suka taru suka zubo, goma sha bakwai. Kalla ya ce in karanta masa duka, kada in tsallake. Na farkon tambaya ne, tambaya, tambaya. Wasu sunansa ne kawai, "Baba Kalla." Na goma sha ɗaya zafi ne, ya ce shi ba yaro ba ne. Daga nan aka yi dogon tsaiko. Na ƙarshe ya ce: "Baba, na ga fitilarka ta mutu. Na gane. Na zauna. Ku turo wanda zai faɗa."

Kalla ya sa in sake karanta na goma sha ɗaya, sannan na ƙarshe. Ya mayar da tabarau ya jawo allon rubutu. Ya leƙa waje ya kira Sa'ida, ya ce ta zo ta zauna kusa ta gaya masa wa ya ja salla, da abin da tsohuwar ta faɗa a daren ƙarshe, don yanzu lokacin saƙo na uku ya yi.

Yau kusan kowa a Madawa yana da intanet a aljihu, kuma labarin rasuwa yakan isa Abijan kafin a gama haƙa kabari. Shagon Kalla ya koma na buga takardu. Gyare yana kan kanta, an rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Duk da haka akwai gidaje a Babankatami da Garhanga da ke kashe wayoyinsu su tura mutum Madawa. Kalla yakan karɓe su, ya aika na farko, amma tun daga ranar Sufyanu ya ƙara masa layi ɗaya a ƙarshe: "Alhaji na bisa hanya, ka jira shi nan inda kake." Ya sa na ɗaura wa shuɗiyar igiyar jan tsumma, na kuma jawo ta saman tebur inda hannunsa zai kai yana zaune. Na taɓa tambayarsa ko har yanzu yana zare ta. Ya ce wata rana yakan zare, wata rana ya bar ta, ya zauna yana kallon tambayoyin suna shigowa har Alhaji ya isa, kuma bai gano wanne ya fi ba.